Jar Motar Baturen Ruwa da Idon Babana

Ranar wata kasuwar Achida ce, an gama yankan gero ana ɗaurin dammuna, shekaru kaɗan kafin Turawa su tattara su tafi. Ina tsugune a bayan barikin Wurno ina wanke tukwane da toka, sai ga kukan jar mota tun daga gangaren hanyar Rabah. Ban ɗaga kai ba, don kullum ina jin ta. Babana ne ya miƙe daga kan buzunsa, ya karkata kunne, ya ce, ba da kowa yake ba, "Ƙahwarta ta bugu." Motar ta shigo tana karkata gefe guda kamar akuyar da ta taka ƙaya. Mai ita ya diro fuskarsa jawur. Baturen Ruwa muke ce masa, domin shi ke kula da hanyoyin ruwan shinkafa a fadama. Da Hausarsa mai tsalle-tsalle ya ce ya faɗa wani rami bayan Rabah, tun daga nan mota take jan hagu, sai ya danne sitiyari da ƙarfi take tafiya daidai. Ya ce jibi zai tafi Sakkwato, yana son ta miƙe. Baba ya ƙame irin ta soja, ya ce, "An gama, ranka shi daɗe." Da Baturen ya shige ciki, Baba ya sunkuya ɗaukar sifana. Sifanar tana dab da yatsan ƙafarsa, amma hannunsa can gefe ya sauka, sai da ya laluba ƙasa ya same ta. Na gani. Na mayar da kaina kan tukunya.

Ni ce ɗiyarsa ta fari. A wajenmu a lokacin, ma'anar wannan ita ce ba ya kiran sunana, ba ya yi mini magana kai tsaye, ba ya zama inda nake zaune. Inna ma haka, sai dai ita takan ce "ke wagga" in aiki ya matsa mata. Ba ƙiyayya ba ce. Kunya ce, kowa haka ya taso ya tarar. Ana yaye ni aka kai ni Dinawa wajen kakata, can na yi wayo tsakanin shanu da rumbuna. Na koyi tatsa, na koyi sussuka, na koyi tsayuwa a gona tun hantsi ina korar tsuntsaye har murya ta dishe. Da tsohuwar ta rasu aka ɗora ni kan jaki da ƙullin kayana aka kawo ni Wurno, ina wajen shekara goma. Maza biyun da aka haifa bayana ƙyanda ta kwashe su a damina guda. Na tarar da Inna da jaririya a baya, da wani dogon mutum mai tabo a goshi wanda aka ce shi ne ubana. Ya dubi bango ya ce, "An iso lahiya?" Na dubi ƙasa na ce lafiya. Gaisuwarmu ke nan.

Kofur Manu ake kiransa. A soja ya koyi gyaran mota, lokacin yaƙin Bama, ya dawo da tabon nan da akwatin sifanu. Ba shi ke tuƙi ba, Baturen ba ya ba kowa sitiyarinsa. Aikin Baba shi ne motar ta kwana lafiya ta tashi lafiya. Da wannan aikin muke da ɗaki mai rufin kwano a bayan bariki, da shi muke da gero a tukunya ko shekara ta yi kyau ko ba ta yi ba. Gona ba mu da ita. Dabba ba mu da ita, in ban da kaji.

Motar kuwa ban sake ganin irinta ba. Ƙarama ce, kujera biyu, ba ta da rufi sai wani tamfol da ake naɗewa a baya. Hancinta dogo, cikinta dab da ƙasa, ƙafafunta da wayoyi irin na keke. Ba ta ɗaukar kaya, ba ta ɗaukar mutane, gudu kawai ta sani. Mutanen gari sukan ce mai hankali ba zai sayi motar da ba ta iya ɗaukar buhu ɗaya ba. Amma duk yaron da ke Wurno sai da ya ƙera tasa da karan dawa, ya shafa mata jar ƙasa, yana ja da zare yana kuka da baki. Mu mata muna gindin tsamiya muna carabke muna yi musu dariya. Ni kaɗai na san asalin abar, don ni ke ɗebo ruwan wanke ta.

Ina kallon yadda Baba yake kiwonta. Da safe ya zagaya ta da tsumma, ya zaro ƙarfen duba baƙin mai ya murza a yatsa ya shinshina. Lagireto ba ya shan ruwan rijiya, ruwan sama Baba yake tara masa a tulu tun damina, wai na rijiya yana barin kanwa a ciki. Ya kwanta ƙarƙashi ya bi duk inda ake ɗura giris ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauki ƙaramar sifana ya bi wayoyin ƙafa yana ƙwanƙwasawa yana saurare. Wadda ta yi ƙara siririya ya wuce ta, wadda ta yi kukan fasasshiyar ƙwarya ya ɗaure ta. Ya shafa tafin hannunsa a kan taya ciki da waje, in gefe ɗaya ya fi cinyewa ya san ƙafa ta fara kaucewa. Da rana ya lulluɓe kujeru da tabarma. Ɓeraye ma ya san ta inda suke shiga, ya toshe da ƙaya. Kuma duk yana yi yana yi mata magana. Ja yake ce mata. Ya fi yi wa Ja magana a wuni ɗaya fiye da yadda ya yi mini a shekara.

Yanar ido ta fara hawa masa kafin in zo. Idon dama ya riga ya tafi, na hagu yana bi. Ba wanda ya taɓa faɗi a gidanmu. Inna dai takan ajiye masa buta da takalmi a wuri ɗaya kullum, in kaza ta ture ta mayar. Ni kuma in na share tsakar gida sai in kwashe duk dutsen da ke kan hanyarsa zuwa rumfar mota. Shi kuwa ya haddace barikin da ƙafarsa, yana tafiya kai a sama kamar mai gani har Goronyo. Duk aikin motar yana iya yi da hannu da kunne da hanci. Tsoronmu ɗaya ne, ranar da Baturen zai gane. Wa zai bar motarsa a hannun makaho? Ga kuma Garba Kuku, mai dafa wa Baturen abinci, mutumin Zariya mai yawan ba'a, wanda kullum yake zancen wani ƙanensa da ya koyi gyara a gareji. Na ɗauke shi abokin gaba.

A ranar nan Baba ya ɗaga gaban motar da jak, ya shiga ƙarƙashi, ya jima, ya fito da wani dogon ƙarfe wanda yake haɗa ƙafafun gaba biyu. Ya lanƙwashe a tsakiya. Dole sai maƙera, maƙera kuwa tana can bakin kasuwa, hanyar da ƙafarsa ba ta haddace ba, ga ramukan da ruwan damina ya bari. Ya tsaya a bakin rumfa da ƙarfen a kafaɗa, bai motsa ba. In na riƙe masa sanda na ja shi, kafin la'asar duk Wurno ta sani. In ya tafi shi kaɗai ya faɗa rami, haka nan ne. Inna ta leƙo ta dube shi, ta dube ni, ta koma ɗaki ta fito da faifan dafaffiyar gyaɗa ta aza mini a ka. "Ke wagga, tahi talla. Bakin kasuwa za ki, kuma ki buɗe baki, ba ni son tallan kurame."

Na wuce ta gabansa na ɗaga murya, a sayi gyaɗa mai gishiri. Na ji takunsa a bayana. Haka muka ratsa gari, ni a gaba ina kira, shi a baya yana bin muryata, tsakaninmu tazarar da ba wanda zai ce tare muke. Inda akwai rami sai in tsaya a gefen da ya kamata a bi, in yi kira sau biyu a jere. Ba wanda ya koya mini, ba wanda ya koya masa, amma bai yi tuntuɓe ba. Wata mata ta ƙwala mini kira daga zaure, ban waiga ba. Ta ce, "Ke ɗiyar wa ta? Talla kike ko gudun hijira?" Na ƙara sauri. A maƙera aka hura wuta, aka sa ƙarfen ya yi ja, maƙerin yana bugu Baba yana jira ya huce ya mirgina shi a kan uwar maƙera, yana ji da tafin hannu inda ya rage tudu. Maƙerin ya ce, "Kofur, ga ɗiyarka ta biyo ka da gyaɗa, ba ka sai muna?" Baba ya ce, "Ban san da ita ba." Muka dawo yadda muka tafi. Ko ƙwaya ɗaya ban sayar ba, Inna kuwa ba ta tambaya ba.

Washegari, bayan Baturen ya hau doki ya tafi fadama, Garba Kuku ya ɗauki kwando ya tafi cefane, Baba ya mayar da ƙarfen. Saura daidaita ƙafafu, aikin da ya fi kowanne ba shi tsoro. Ya kafa turaku huɗu, biyu gaba biyu baya, ya ɗaura igiya siririya a kowane gefen motar, daidai tsakiyar ƙafa, ya ja ta har tana kuka in an taɓa. Ya auna ta da ƙafafun baya da ɗan kara, wannan ya iya da hannu. Daga nan ya tsaya. Abin da ya rage shi ne a duba ratar da ke tsakanin igiya da bakin ƙarfen ƙafar gaba, ta gaba da ta baya, a ga wadda ta fi. Ratar ba ta kai a sa yatsa a ji ba tare da an ture igiyar ba. Ido take so. Ina bakin rumfa da tsintsiya ina sharar inda na riga na share.

Ya dafa hancin motar ya ce, "Ke Ja, da akwai mai ido kusa da ke, da ya duba muna tsakanin igiya da ƙarhen ƙahwarki, gaba da baya. Amma ba a taɓa igiya. In anka taɓa ta, ƙarya za ta yi."

Na ajiye tsintsiya. Na kwanta rub da ciki a gefen taya, na rufe ido ɗaya. Ban taɓa mayar masa da magana mai tsawo ba. Sai na ce wa motar, "Ja, ki hwaɗa ma mai ke, gaba ya matse, baya ya buɗe."

"Ja, da kamar mi?"

"Kamar yatsa."

"Yatsan wa? Yatsu iri-iri na." Ya laluba aljihu ya jefo anini a ƙasa kusa da ni. "Ja, da wanga aka awo. Gaba shi hi baya da kaurinshi, kada shi wuce. Ƙahwahun gaba su ɗan dubi juna kaɗan, shi ke nan."

Haka muka wuni. Ya shiga ƙarƙashi ya murɗa ƙarfen kaɗan, ya fito, a tura motar baya a dawo da ita gaba don ƙafafu su zauna, in sake kwanciya in duba, in gaya wa Ja. Turin ya fi ƙarfinmu, sai da Inna ta fito da goyo da mayafi ta sa kafaɗa. Tana turi tana mita. "Ni yau na ga ta kaina. Ɗiya ƙarƙashin mota, uwa tana turi, uba shina hira da ƙarhe. In wani ya gan mu, har Goronyo sai an ji." Baba ya yi dariya. Ban taɓa jin dariyarsa kusa haka ba. Sau da yawa muka wuce awon, muka dawo, muka sake wucewa. Da na ce ya yi, sai ya ce Ja ta sake tambaya, mai ido kada ya yi gaggawa don rana ta yi zafi. Ina kwance baƙin mai har gira, sai ga inuwar mutum a kaina. Garba Kuku ne da kwandonsa. Ya dubi igiya, ya dube ni, ya dubi Baba. Ya ce, "Kofur, kajin nan sun dame ka ko? Na ga ka sa mai kora." Ya wuce kicin yana fito. A ranar na gane ya daɗe da sani, kuma bai faɗa wa kowa ba.

Da yamma Baturen ya dawo ya ce a gwada. Ya ɗauki Baba a gefensa suka miƙa hanyar Achida. Da suka dawo tun daga nesa muke ganin haƙoran Baturen. Ya diro yana nuna mana da hannu biyu a sama, wai ya saki sitiyari mota ta tafi samɓal kamar an ja mata layi. Ya ce tun da ya saye ta ba ta taɓa miƙewa haka ba. Murnar nan tasa ce ta kashe mu. Ya zaro gwangwanin sigarinsa daga aljihu ya ce, "Kofur, naka," ya cilla masa. Gwangwanin ya bugi ƙirjin Baba ya faɗi, sannan hannuwansa suka tashi. Ya sunkuya yana laluben dama, abin yana hagu.

Baturen ya daina dariya. Ya tsaya yana kallo har Baba ya miƙe hannu wofi. Ya dubi igiyoyin da ba a kwance ba tukuna. Ba wawa ba ne, ya san aikin. Ya ce, "Kofur, wa ya duba igiya?" Baba ya ce wata yarinya ce a nan gidan. Baturen ya juyo ya gan ni da baƙin mai a goshi. Ya ce 'yarka ce? Baba ya yi shiru. Ya ce mene ne sunanta? Baba ya yi shiru. Fuskar Baturen ta fara canzawa, ya ɗauka raini ne. Garba Kuku ya fito daga kicin yana goge hannu, ya ce, "Ranka ya daɗe, 'yar fari ce. Ko bindiga ka ɗora masa ba zai faɗa ba. Sunanta Hajo." Ranar ce aka fara kiran sunana a gaban ubana. Ya kawar da kai kamar an watsa masa ruwan zafi.

Na zaci kora ce. Ba ita ba ce. Baturen ya zauna a kan hancin motarsa ya yi tunani, ya ce shi ba ruwansa da ido, motarsa ta miƙe. Ya ce, "Hannu naka, ido nata. Aiki ya ci gaba." Na ji Inna ta sauke numfashi daga bayan zana. Ni kuwa har na fara ganin kaina kullum a rumfar nan.

Baba ya ƙame. Ya ce, "Ranka shi daɗe, na gode. A ɓoye munka yi, shi ya sa ya yiwu. A hili ba shi yiwuwa. Ɗiyar hwari ba ta ce ma ubanta yi dama, yi hagu, mutane suna kallo." Baturen ya yi ta magana, Garba ya sa baki har da zagi irin na abota, ya ce kunya ba ta cika tukunya. Baba ya juya ya shige ɗaki. Da safe ya wanke sifanun Baturen da kananzir ya jera su, ya ware nasa ya sa a akwati. Ya zagaya motar sau ɗaya da tafin hannu. Bai ce mata komai ba.

Goronyo muka koma, wajen ƙanensa mai noman albasa. Aka ba mu bukka a gefen gida. Na shiga ban ruwa da jigo tun ƙashina bai yi ƙwari ba, Inna ta shiga dakau, Baba ya zauna a inuwa yana tufkar rama kamar sauran makafi. Idon hagun ya ƙarasa tafiya a shekarar. Damina ta biyu ta zo da yunwa, jaririyar ba ta kai kaka ba. Na daɗe ina jin haushinsa. Ban faɗa ba, ba a faɗi. In babbar mota ta wuce ranar kasuwa yakan ɗaga kai ya ce wa iska, "Wagga tana cin taya ta ciki." Sai in duba in ga haka ne. Har ya rasu ba mu sake aiki tare ba.

Yanzu na tsufa, na binne miji, na binne 'ya'ya, na ga abin da na gani. Kwanaki jikana ya ɗauke ni zuwa Sakkwato ganin likita, ya tsaya a wani gareji aka hau da motarsa kan ƙarfe, aka maƙala wa ƙafafun wasu fitilu, wani yaro yana kallon allo yana murɗawa. Kafin in gama tauna goro an gama. Jikan nan nawa yana kiran ɗiyarsa ta fari da sunanta tun daga bakin titi. Tana hawa wuyansa, tana jan gemunsa, tana ce masa ya yi kuskuren hanya, shi kuwa yana dariya. Nakan kalle su. Wani lokaci in ga sun zubar da wani abu, wani lokaci in ga mu ne muka ɗauki kayan da ya fi ƙarfinmu. Ban yanke wa Baba hukunci ba, shi ya san abin da zai iya ɗauka a gaban mutane. Da ya tambaye ni a ranar, da na ce mu zauna. Amma ba a tambayar ɗiyar fari.